Kumandan Yana Kiran Habsatu Gida

Matameye, Laraba, cikin watan Rajab

Daga ofishin Kumandan, mai iko tun daga Kance har Tsauni, zuwa ga Malama Habsatu, ma'aikaciyar jinya, mai ƙarin karatu a Dakar.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya karatu, yaya baƙunta, yaya iskar teku? Da fatan takardar nan ta same ki lafiya, kina cin kifi har kina zaɓe. Idan kin tambayi lafiyarmu, lau muke, kamar yadda rediyo ke shaida mana kowace safiya.

Kada ki yi mamakin ganin takardar gwamnati da ajami. Mashin ɗin buga takarda na ofis ya kwanta, shi ma bai samu rabon jar dawar taimako ba. Hatimin kuma in kin ji yana warin takalmin roba, sabon yayi ne. Ki dai miƙe tsaye ki karanta, ki sauke hannu daga ƙugu, an ba ni labarin halinki.

An gaya mini gwamnati ta zaɓe ki cikin mutane masu yawa, ta tura ki koyon jinyar waɗanda rai ya zo musu wuya. An ce akwai na'urar da ke hura wa mutum numfashi, da wadda ke kuka in zuciya ta yi sanyi, kuma duk kin iya su. Madalla. Hoton da kika aiko ya zagaya gari, farar riga, farar hula, har da agogo a ƙirji. Sai dai na leƙa gidan likitanmu ban ga inda za a jona na'urar taki ba. Majo Garba, babban malamin jinya, wanda aka bar wa aikinki a kan nasa, yana tafasa allura ɗaya a gwangwani, mata na kwance a gindin itacen bedi da 'ya'yansu. Ko da yake ni soja ne, me na sani?

Na tura jandarmomi sun binciki gidanku, ga rahotonsu. Rumbu an share shi tas, har kaza ta shiga ta fito tana tsaki. Akuyoyi sun tafi, jar saniyar nan da kike ce wa ƙawarki ta riga su. Babanku ya tafi cin rani Kano, aka rufe iyaka yana can, sai saƙon baki muke samu wajen masu bin daji. Tukunya tana hawa wuta, amma anza ce a ciki, 'ya'yan itacen dajin nan, ana jiƙawa ana zubar da ruwa har ɗacin ya ragu. Ɗiyarki Sa'a tana nan da wayonta, ta fara cire haƙori, ita kaɗai ce a gidan kumatunta bai faɗa ba. In kina son sanin dalili, ki tambayi kwanon Inna.

Na san Kawu Hamisu yana rubuto miki da bokonsa mai kyau cewa kowa lafiya, har da su kaza. Ba ƙarya ya so yi ba, shawara aka yanke a zaure. Aka ce wanda gwamnatin soja ta tura karatu, in ya dawo ba takardar gamawa, sai a karɓe aikin, a rubuta sunansa inda ba a gogewa. Aka ce jarrabawarki sai ruwa ya sauka, a bar ki ki gama, ke ce rumbun da ya rage wa gidan. Kowa ya ce amin. Ni ba a tambaye ni ba, wai bakina ba ya riƙe magana. Sun yi gaskiya.

Inna ba ta da lafiya. Ƙafafunta sun kumbura har zanen ƙunshi ya baje, in aka danna yatsa sai rami ya zauna. Ba ta iya kwanciya, a jingine take kwana da yini, numfashinta kamar ana jan guga daga rijiya mai nisa. Idanun ma sun yi hazo. Majo Garba ya zo ya saurari ƙirjinta, ya daɗe yana naɗe robar kunnensa, sannan ya ce wannan irin aikin da aka tura ki koyo ne. Ban san ko yabo yake ba ko zagi. Na raka shi har ƙofa ban yi masa ko tsokana ɗaya ba, shi da kansa ya juyo ya dube ni.

Kin san Inna da kunyar ɗan fari. Tun da aka haife ki ba ta taɓa kama sunanki ba, sai waccan, sai uwar Sa'a, sai mutuniyar Dakar. Ko wasiƙarki ake karantawa, sai ta tashi ta kama tsintsiya, tana shara wuri ɗaya har a gama. Na yi ta lallaɓarta ta ce a kira ki, ta ce ita ba ta aiki kowa ba, ba ta kuma jiran kowa.

To ranar Jumma'a da hantsi ina bayan zana ina gyaran igiya, sai na ji ta kira sunanki. Sunan yanka, ƙarara, har sau biyu, kamar kina ɗakin girki. Kawu Hamisu ya sunkuyar da kai, matan gida suka kama baki. Ba wanda ya motsa.

Ni kuma kin san sana'ata, kwaikwayon murya. Na yi muryar liman na tashi unguwa sallah ba lokaci ba, na yi ta mai kamiyon taimako, motar rabon hatsi, mutane suka fito da buhuna. Taki kuwa tun ina yaro nake yi kina jifana da muciya. Sai kawai na ji bakina ya amsa da muryarki. Wallahi ban shirya ba. Ta yi ajiyar zuciya, ta yi faɗa wai kin daɗe, ta sha kunu rabin ludayi fiye da sau goma, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

Tun ranar kullum sai ta kira, kullum sai na amsa daga bayan zana, in ce ina wanke hannu, in ce ina dafa allura. Jiya ta ce wankin hannun ya isa haka, ki shigo ki riƙe mata wuyan hannu yadda kike yi, ki gaya mata gaskiya. Na tsaya da igiya a hannu. Daga ƙarshe na ce an kira ni gidan likita, na fita, na zauna a bakin rijiya har la'asar.

Yaya Habsatu, ba Kumandan ba ne. Ba ni da ikon ba ki izini, ba ni da ikon tsare miki aikinki, hatimin ma da wuƙa na sassaƙa shi. Na ari sunansa ne don na ga a zamanin nan shi kaɗai ake kira a amsa da gudu. In kin zo, mai yiwuwa karatun ya tafi, mu ci anza har bana da baɗi, kuma Kawu ba zai sake duban fuskata ba. In kin zauna, ba zan zage ki ba, zan ci gaba da amsawa iyakar iyawata. Amma murya kawai nake da ita. Hannuna na mai jan guga ne, tana taɓawa za ta gane.

Sa'a tana gaishe ki. Inna ba ta ce a gaishe ki ba, don a wajenta kina tsakar gida.

Allah ya ba mu alheri. Ni ne ƙanenki marar jin magana,

Illa