Yaƙin da Zai Ƙare Cikin Awa Biyu

Sterling, Afrilu 2012

Zuwa ga Yayana Sharifu,

Shekara tara ke nan rabona da Tasawa, kuma sai yau na ga maganar da waya ba za ta iya ɗauka ba, shi ya sa na ɗauki biro. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Uwani da yara. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe ta, ka ce mata ina cin abinci.

Ka tambaye ni abin da na tara a zaman nan na Amurka. Bar wannan tukuna, ba shi ne ya dame ni ba.

Maganar 'yar taka ce. Ka san tun da muka rabu da Hamida, yarinyar tana wajenta a Gaithersburg, ni kuma awa biyu kawai nake samu da ita ranar Lahadi, tsakanin azahar da lokacin da zan koma jigilar fasinja a filin jirgin Dulles. To Hamida ta yi aure, kuma a watan Agusta za su tashi zuwa Greensboro, tafiyar rabin yini a mota. Ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa yarinya ta kai sha biyar, ba za ta tura ta mota dole ba. In tana son zuwa wajena ta zo, in ba ta so shi ke nan. Na ji haushi, amma ban ga inda Hamida ta yi ƙarya ba.

Ba na kai ta ɗakina, mu huɗu ne a ciki, duk direbobi. Da can sai mu zauna wajen cin abinci, tana latsa waya ina kallon agogo. Ina yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, in ma ta amsa. Sai bara ta shiga wata ƙungiya a lakwal, makarantarsu ke nan, ta kamu da wani wasa da ban san yadda zan kwatanta maka ba. Sojoji ne na dalma, kowanne bai kai gaɓar yatsa ba, na mutanen da: Rumawa da garkuwoyinsu, da abokan gabarsu na arewacin Afirka masu giwaye. Ita take shafa musu fenti da hannunta, da buroshi siriri kamar gashin ido. Ana manna uku ko huɗu a ɗan katako, a ce runduna ce. A jera su kan tebur, a auna tafiyarsu da tef irin na tela, a jefa ɗan ludo a ga wa ya ci wa. Kada ka ɗaga gira, na bincika, ba kuɗi a ciki.

Yaya, ranar da ta ce in zo mu buga, ita ce rana ta farko cikin shekara uku da ta nemi wani abu a wajena. Akwai wani kanti a Gaithersburg da ke sayar da kayan, yana da tebura a baya. Nan muke zuwa.

Ga bala'in. Littafin ƙa'idar wasan ya fi tafin hannuna kauri. Kafin a jera sojoji kwata ɗin lokacina ya tafi. Kowane motsi sai an buɗe shafi, kowane shafi yana tura ka wani shafin, da Turancin da ko wanda aka haifa a nan sai ya maimaita. Lahadi nawa muna yi, ko sau ɗaya mashi bai taɓa garkuwa ba. Rundunoni suna gab da haɗuwa sai in dubi agogo in miƙe. Makon jiya tana mayar da su akwati ta ce, ba tare da ta dube ni ba, mu dai ba mu taɓa gama komai ba, to me za ta zo yi daga Greensboro?

Dole in nemo ƙa'idar da za a fara a gama cikin awa biyu, wadda kan direba zai iya riƙewa. Ka sa ni a addu'a, ko da dariya kake yi.

Naka ƙane,
Moussa

Sterling, Yuni 2012

Yaya Sharifu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ruwa ya sauka kun yi shuka. Yaya Inna, yaya yara?

Abin bai yi daɗi ba. Na sayo wani wasan da aka ce mini mai sauƙi ne, allonsa gida-gida, ba awo ba tef. Na yi murna, na ce mata ai wannan kamar dara ne, ni da Baffanki mun ƙoshi da shi a gindin dalbejiya. Ta juya kwalin ta nuna mini inda aka rubuta na yara ne daga shekara takwas. Ta ce sojojinta ba tsakuwa ba ne. Na ji zafin yadda ta raina dara, amma ita ma wata shida ta yi tana yi wa abin nan fenti, ni kuma na kawo mata kayan ƙanana.

Na biyun da na gwada na kati ne. Yana da sauri, amma kowane kati rubutu ne cunkus, sai ta karanta mini nawa, ta kuma gaya mini abin da ya kamata in yi da shi. Ta ce wannan ai ita kaɗai take wasa da kanta. Lahadin da ta biyo cunkoso ya riƙe ni a kan gadar Potomac, na iso ta riga ta kira uwarta. Ta bayanta ba ta zo ba sam. Hamida ta ce ciwon kai. Na san irin ciwon kan.

Duk da haka na tafi kantin, na zauna ni kaɗai gaban tebur, don ban san inda zan kai awa biyun ba. Mai kantin wani tsohon Bature ne, Bartholomew, mai gemu har ƙirji, wanda tun farko nake zargin yana yi mini dariya a zuci. Ya zo ya tambaye ni ina janar ɗina yau. Yaya, ni da ban taɓa roƙon Bature komai ba sai aiki, na buɗe baki na gaya masa duka. Na ce ina son ƙa'idar da za ta ƙare kafin in tashi, wadda ba ta yara ba, wadda kuma ba sai an karanta mini ba.

Bai sayar mini da komai ba, wannan zan faɗa masa ko a gaban wa. Ya ce babban littafin nan na mutanen da suka yi ritaya ne, matansu suna son su bar gida yini guda. Ya ciro wani ɗan siririn littafi daga aljihun teburinsa, ya ce kada ma in karanta, in zauna. Runduna goma kowane ɓangare. Ɗan ludo ɗaya tak: ka jefa, abin da ya fito shi ne yawan rundunar da za ka motsa. In biyu sun haɗu kowa ya jefa, a ƙara ƙarfin rundunarsa, wanda ya gaza ya ja baya, wanda aka ninka ya fita. Wanda ya rasa huɗu an ci shi. 'Yan mashi suna tare doki, doki yana cin 'yan baka, giwa tana tsoratar da kowa har masu ita. Ya cinye ni sau biyu kafin shayina ya huce.

Yanzu ina koyo a wajen jiran fasinja, da murafun kwalba a kan bonet ɗin mota. Abokin aikina Dung, mutumin Jos, shi ne Rumawa. Yana cewa, Moussa, an ce ka je Amurka neman arziki, ga ka kana yaƙi da murfin lemo. Direbobi suna taruwa suna ba ni shawarar banza. Ban damu ba. Abin da ya dame ni, ko za ta zo.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanenka,
Moussa

Sterling, Yuli 2012

Yayana,

Ina gaisuwa. Ina fatan duk kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ta zo. Mun gama wasa. Kuma ina jin na rasa ta.

Ta dubi ɗan littafin da raini, amma Bartholomew ya ce mata manyan 'yan wasa ma da shi suke gasa, sai ta zauna. Ta ɗauki Rumawa ta bar mini masu giwa. Yaya, da ka gani. Ba buɗe shafi, ba tambaya. Na aika dawakaina ta gefe kamar yadda kake zagaye ni a dara, na cinye mata runduna biyu, ta ɗago ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Sai giwata ta firgita ta juyo ta tattake 'yan mashina. Ta yi dariya har da buga tebur. Ta ci ni huɗu da uku. Na dubi agogo, ko rabin lokacina bai tafi ba.

Abin da ban lissafa ba ke nan. Wata uku ina neman ƙa'ida mai sauri, ban taɓa tambayar kaina me zan yi da lokacin da zai ragu ba. Da can littafin nan mai kauri yana tsakaninmu, kowa na da inda zai sa ido. Yanzu tebur fili, ga ta ga ni. Na ce a sake. Ta ce a'a, tana da tambaya.

Ta ce Bartholomew da ya san ta wata biyar yana kiran sunanta. Mijin uwarta yana kira. Ni kuwa tun da take ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba, sai ke, sai yarinya, sai zo nan. Ta ce tana ƙarama ta ɗauka mantawa nake yi, da ta girma ta gane ba na son sunan ne, ko mai sunan.

Na yi mata bayani. Na ce ke 'yar fari ce, a wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce, kuma girmamawa ce ga iyayensa da suka fi shi iko da ɗan. Na ce kakanki har ya rasu bai kira sunan Baffanki ba. Da Hausa maganar tana da nauyi. Da na juya ta Turanci ni kaina na ji ta zama ba komai. Ta ce to, ta ji, yanzu ta ba ni izini, in kira. Ta zauna tana jira.

Yaya, wallahi na buɗe baki. Sunan da ni na raɗa mata a kunne, ya ƙi fitowa. Na ji kamar Baba yana tsaye bayana. Ta jira, ta jira, sai ta fara naɗe sojojinta a tsumma ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ban ga laifina ba, abin da na tarar ne. Amma ita ma ban ga nata ba. Kai ne ɗan fari a gidanmu, kuma ban taɓa tambayarka ba: ya yi maka ciwo? Ka amsa mini ta waya, kada ka jira mai zuwa. Lahadi uku suka rage.

Moussa

Sterling, Agusta 2012

Zuwa ga Yaya Sharifu,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya da iyali, gero kuma ya yi kai. Ka gode wa Inna da addu'a.

Maganarka ta waya ba ta bar ni ba. Ka ce bai yi maka ciwo ba, don a gidanmu kafin rana ta faɗi Kaka ta kira ka sau ashirin, baffanni sun ɗauke ka kasuwa, kowa na gaya maka irin alfaharin da Baba yake yi da kai a bayan idonka. Sannan ka tambaye ni, ita yarinyar wa take da shi a nan da zai gaya mata? Na ɗauko shirun Baba na kawo ƙasar nan, ban ɗauko gidan da ke cike shirun ba.

Lahadi biyu ba ta zo ba. Na yi ta koyon sunan a mota in na sauke fasinja, gilashi a rufe. Dung ya gan ni bakina na motsi, ya ce ko na fara wuridi ne.

Ta ƙarshen ta zo, ta ce don ta yi sallama da Bartholomew ne. Shi kuwa tsohon ya riga ya shimfiɗa tebur, ya ɓace bayan kanta. Muka zauna. Na motsa rundunoni uku, na tura mata ɗan ludon, ina kallon katako ba fuskarta ba, na ce, Hairat, ke ce da jifa.

Ɗan ludon ya zauna a tafinta ba ta jefa ba. Can ta ce in sake. Na ce na yau ya isa, ni ma mutum ne. Ta yi wata irin dariya tana share hanci da bayan hannu, ta ce ashe haka ake faɗinsa, duk lakwal ɗinsu ba wanda ya iya. Sannan ta cinye ni huɗu da ɗaya, ba tausayi.

Da za ta tafi ta raba akwatin biyu. Ta tafi da Rumawa. Ta ce masu giwa su zauna wajena, ba ta son ɗaukar kaya da yawa a bas, kuma in ta tarar da ƙura a kansu zan gani. Lahadin farko na kowane wata ta ce. Ban sani ba ko za ta cika, yarinya ce, garin kuma da nisa. Sun tashi ranar Talata.

Ka tambaye ni tun Afrilu abin da na tara. Gida ban gina ba, ka sani. Ga abin da ke hannuna: runduna goma ta dalma, a cikinsu giwa ɗaya mai karyayyen haure. Ɗan ludo ɗaya. Ɗan littafi siriri da tsoho ya ƙi karɓar kuɗinsa. Lahadi ɗaya a wata. Da suna ɗaya, wanda na faɗa sau ɗaya.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata Hairat tana gaishe ta.

Ƙanenka,
Moussa