Evaristo a Ajin Ranar Talata

Bogotá, 6 ga Fabrairu, 2017

Zuwa ga ƙanwata Herminia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma lafiya lau, sai sanyin garin nan da ya sa gwiwata a gaba. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in buga waya don na san halinki, in kika kama magana sai batirina ya mutu ban ce uffan ba.

Direban motar da ke zuwa Puerto Almendro ya kawo mini labarin da ya hana ni aiki kwana biyu. Wai ya leƙa ɗakin karatun gari, inda kike shugabanci, ya ga Evaristo Mosquera zaune a kan bencin da na ƙera da hannuna, kina zuba masa kofi.

Bari in tuna miki, in kin manta. Shekara goma sha takwas ke nan da aka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofarmu da rana tsaka: "Abelardo, zo mashigi da ƙarfe huɗu, injin kwalekwalena ya lalace. Evaristo." Ƙanena Abelardo, yayanki, ya ɗauki sifana ta gyaran inji ya tafi taimakon amininsa, ya tarar da 'yan bindigar nan da ya hana su mayar da makarantarsa sansani. Ko gawarsa ba mu samu ba. Takardar tana nan a akwatina. Mama har ta rasu ba ta amsa gaisuwar mutumin nan ba.

Ki kore shi, Herminia. Ba roƙonki nake yi ba.

Ki gaishe da kowa.

Yayanki,
Nicanor

Puerto Almendro, 14 ga Fabrairu, 2017

Yaya Nicanor,

Ina gaishe ka da kyau. Mu duk muna lafiya, kogi ya ja baya, kifi ya yi araha. Gwiwarka kuwa, ka dawo gida zafin rana ya gyara ta.

Direbanka bai yi ƙarya ba, sai dai bai gani duka ba. Har biskit nake ba shi. Kuma ba zan kore shi ba. Ɗakin karatun nan na gari ne, ba tsakar gidanmu ba, duk wanda ya shigo da ƙafarsa yana da kujera. Amma ba wannan ne dalilina na gaskiya ba, don haka ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka yaga.

Ka san bara muka fara aika akwatunan littattafai zuwa ƙauyuka uku na bakin kogi, kowace Juma'a. Mai kwalekwalen da ke bin wannan hanya shi kaɗai ne, Evaristo. Na haɗiye zuciyata na ba shi aikin, wata biyar ban haɗa ido da shi ba, nuna akwati kawai nake da yatsa. Sai ya fara kai mini kaya inda ba nan ba. Littattafan yara da na shirya wa makarantar La Ceiba ya sauke su a Caño Hondo, na noman koko kuma ya kai wa 'yan aji ɗaya. Sau uku. A na ukun na fashe a gaban mutane.

Na ce, "Don Evaristo, ga sunan gari nan ɓaro-ɓaro a jikin akwati! Makanta ce ko raini?"

Ya shafa aljihu ya ce, "Na bar tabarau a gida, Malama."

Doña Tránsito mai sayar da kifi tana zaune tana jiran a cike mata takardar asibiti a kwamfuta. Ta ce, "Kai dai tabaraun nan naka tun ina budurwa yake gida. Ko ka aura masa mata ne a can?" Aka yi ta dariya. Shi bai yi ba.

Da Juma'a ta zagayo sai ga shi da tsummoki uku, ja da shuɗi da rawaya. Ya ce in yarda ya ɗaura wa kowane akwati ɗaya, wai don kada ruwa ya goge rubutun. Rubutun nan da fenti na yi shi, Yaya. Na tsaya ina kallonsa yana ƙulla tsumma, sai na fara zargin wani abu. Na jira kowa ya fita, na rubuta sunansa da alli a allo, manya-manya, na ce ya karanta mini. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya cire hularsa ya ce, "Na farkon nan na san shi, mai kama da matsefi. Sauran ban san su ba."

Evaristo bai iya karatu ba, balle rubutu. Bai taɓa iyawa ba.

Tun watan Yuni yake zuwa ajin manya, Talata da Alhamis da la'asar, shi da mutum goma sha ɗaya. Ni nake riƙe masa hannu yana jan layi. Kai kafinta ne, ka san bambancin wanda ya taɓa riƙe zarto da wanda bai taɓa ba. Ni ma haka na san fensir. Ba shi ya rubuta takardar nan ba.

Na so in gaya maka tuntuni, amma ya roƙe ni in bari sai ya iya rubuto maka da kansa. Direbanka ya riga mu.

Ina gaishe ka, kuma ban ji tsoron fushinka ba.

Ƙanwarka,
Herminia

Bogotá, 27 ga Fabrairu, 2017

Herminia,

Na gaishe ki. Saƙonki ya zo, na karanta sau uku.

Kin girma, amma har yanzu da alawa ake sayenki. Evaristo bai iya karatu ba? Ni da na gan shi da idona da biro biyu a aljihun riga, da jarida a hammata kowace Lahadi a ƙofar coci? Ni da na ji shi yana ba masunta labarin littattafai a mashigi, babi bayan babi, har su manta da komarsu? Kina ƙarama a lokacin, amma ni na tuna. Shi da Abelardo kullum suna hanyar ɗakin karatun nan, kowa da littafinsa a hannu. Mutumin da bai san baƙi ba me zai yi da littafi, matashin kai?

Yanzu da gwamnati ta yi sulhu da 'yan bindiga, ana ta kiran mutane su faɗi abin da suka sani, kowane mai laifi yana neman rigar da zai ɓuya a ciki. Shi ya samu tasa, kuma ke kika ɗinka masa.

In gaskiya ne, me ya hana shi faɗa tun ranar? Kalma huɗu ce: "Ban iya rubutu ba." Ya bari aka daina ɗaukarsa haya, aka daina gayyatarsa biki, matarsa ta kwashe yara ta koma wurin iyayenta. Wane mahaukaci ne zai zaɓi a kira shi maci amana a kan a kira shi jahili?

Ki tambaye shi wannan. Ina jiran amsa.

Nicanor

Puerto Almendro, 9 ga Maris, 2017

Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Na ji daɗin wasiƙarka, don wanda ya yi tambaya ya fi wanda ya ba da umarni sauƙin zama da shi.

Na tambaye shi, a ranar Talata bayan an tashi daga aji. Na karanta masa maganarka yadda ka rubuta, har da matashin kan. Ya yi murmushi a nan, ya ce, "Nicanor bai canja ba." Ga abin da ya faɗa, na rubuta a take don kada in ƙara ko in rage.

"Littattafan nan Abelardo ne yake karanta mini. Mu shiga kwalekwale in kashe inji a tsakiyar ruwa, yana karantawa ina haddacewa, in dawo mashigi in zuba wa mutane kamar ni na karanta. Shi kaɗai ya san sirrina. Ya yi ta fama in bari ya koya mini, ina cewa gobe. Da abin ya faru, washegari na nufo gidanku in faɗa. A kwanar kasuwa ɗaya daga cikin 'yan bindigar nan ya tare ni, ya dafa kafaɗata ya ce, 'Evaristo, rubutunka yana da kyau. Ka bar shi a haka, 'ya'yanka mata uku ne.' Na juya. Shekara bakwai suna garin nan. Da suka tafi kuma, wa zai yarda? Ni da kaina na shekara ashirin ina yawo da biro don kowa ya ɗauka na iya."

Na ce masa to me ya sa bai gwada ba, ko da wurin Mama. Ya ce, "Na je sau biyu, ta rufe ƙofa. Kuma Malama, ba zan ɓoye miki ba, akwai kunya a ciki. Ba tsoro kaɗai ba ne."

Na san za ka ce baki ne, kowa yana da shi. Shi ya sa na shiga ɗakin ajiya na zazzage kwalayen tsofaffin katunan aro, waɗanda ambaliya ba ta ci ba. Kwana huɗu ina yi, Doña Tránsito tana taya ni tana zagin ƙura. Na samu katin Evaristo Mosquera, daga 1994 zuwa 1999. Littafi arba'in da ɗaya ya ara, kowanne da sa hannu a gefe.

Ga katin nan na sa maka a cikin ambulan. Dokar ɗakin karatu ta hana fitar da shi, amma ni ce mai dokar. Ba zan gaya maka abin da za ka gani ba. Kai ka koya wa Abelardo riƙe alƙalami a teburin Mama, ka fi ni sanin yadda yake jan wutsiyar baƙaƙensa. Ka duba sa hannun nan arba'in da ɗaya. Sannan ka buɗe akwatinka ka ɗauko waccan takarda, ka ajiye su gefe da gefe.

Ni ma shekara goma sha bakwai ina tsallaka titi in na hango shi. Na nemi gafararsa. Ya ce in bar wannan, in nuna masa yadda ake rubuta "q" ɗin da ke tsakiyar sunansa, don har yanzu tana juya masa baya.

Ajin yana tafiya. Mutum huɗu sun fara karanta takardar magani da kansu. Doña Tránsito ta rubuta farashin kifi a allo ta kafa a rumfarta, yanzu ba mai yi mata gardama. A watan gobe kowannensu zai tashi ya karanta layi biyar a gaban jama'a. Evaristo ya ce zai yi goma.

Ka kula da gwiwarka.

Taka,
Herminia

Bogotá, 21 ga Maris, 2017

Ƙanwata,

Ina gaishe ki.

Hannun Abelardo ne. Duka arba'in da ɗayan. Ya rubuta sunan amininsa a kowane layi, har yana ƙoƙarin karkatar da rubutun don kada mai ɗakin karatun ya gane, amma ni na gane. Ita kuma waccan takardar hannun wani ne daban, wanda ban sani ba. Shekara goma sha takwas tana akwatina ban taɓa tambayar kaina ko na taɓa ganin rubutun Evaristo ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya. Abelardo ya san amininsa bai iya rubutu ba, amma ya tafi. Wataƙila ya ɗauka Evaristo ya sa wani ne ya rubuta masa. Wataƙila kuma ya gane, ya ji tsoron 'yan bindigar suna riƙe da Evaristo, ya tafi duk da haka. Na rufe shago na zauna da wannan tunanin yini guda. Na fi zaton na biyun, don na san ƙanena.

Ban san da wane baki zan yi wa mutumin nan magana ba. Ni na fara tofa masa yawu a kasuwa, sauran suka biyo baya.

Zan dawo miki da katin da hannuna, ba zan ba direba ba. Ban sa rana ba tukuna.

Yayanki,
Nicanor

Puerto Almendro, 4 ga Afrilu

Nicanor,

Ina gaisuwa. Ni ne Evaristo. Ni na rubuta wannan. Malama ba ta riƙe mini hannu ba. Kwana uku na yi.

Ban kira Abelardo ba. Shi ɗan'uwana ne. Kullum ina tuna shi.

Ba na fushi da kai. Da ni ne, haka zan yi.

Ranar Asabar 22 zan yi karatu a gaban mutane. Ƙarfe uku. Ina jin tsoro kaɗan. In ka zo zan ji daɗi. In ba ka zo ba, ba komai.

Ka yi haƙuri da rubutuna.

Evaristo Mosquera

Bogotá, 11 ga Afrilu, 2017

Evaristo,

Ina gaishe ka. Na yi rubutun da girma don ka karanta da kanka. Kada ka ba Herminia.

Na zalunce ka. Ka yafe mini. Sauran maganar sai na ga idonka.

Zan iso ranar Juma'a 21, a motar rana. Ka zo tasha ka tarye ni, don kowa ya gani.

Rubutunka ya fi nawa kyau.

Naka,
Nicanor