Fura Ta Ƙare Kafin Ta Iso Gare Mu

Gidan Arzika, ta Tama
Watan Janairu, 1982

Zuwa ga ƙanena Ɗanlami a Madawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali, ya ciwon ƙafar? Mu nan lafiya lau. Da hannuna na rubuta wannan, karatun manya bai faɗi banza ba.

Albishirinka. Ɗiyata Suwaiba ta haihu, namiji, kuma a ɗakin uwarta.

Ka san rikicinmu da mutanen Tudun Yalwa, garin mijinta, kan fadamar albasa, har aka fasa kawuna. Shari'a ta ba mu gaskiya. Sai samarinmu, shugabansu Yaro na gaba, suka ce a tuɓe maigarinsu, a haɗe su ƙarƙashin namu gaba ɗaya. Surukaina suka rantse in an yi haka Suwaiba ba za ta zo haihuwa gida ba, ni kuma ba zan ga jikan ba. Abinci ya daina shiga mini.

Ran taro na miƙe. Na tuna musu yadda ake zaɓen maigari: kowane magidanci ya tsaya bayan wanda yake so. Na ce ran da maigarinmu ya kwanta dama, tun da sun fi mu yawa, layinsu zai kai bakin rijiya, namu bai wuce masallaci ba. Na ce ko Nijar ce ta ci Najeriya da yaƙi ta haɗiye ta, kafin kaka naira za mu riƙa kashewa, masu mulkinmu kuma daga can za su fito, mu da muka ci yaƙin mu koma 'yan rakiya. Sai liman ya goyi bayana. Aka bar musu maigarinsu, muka riƙe fadamarmu.

Ran suna suka zo, Ɗanlami, kamar fara. Fura ta ƙare, namanmu ya ƙare, mutanen garinmu ko ludayi ba su taɓa ba. Yaro ya koma gida da yunwa. Na bi shi da kallo ina rungume da jikana Dauda, ina dariya.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Ka zo ka ga angon kakarsa.

Naka yayanka,
Kalla