Cerin Kek da Ƙafar Surukina

Anti Mahbuba, don Allah ki taimake ni, wata 'yar kwalba ta jefa ni cikin halin da ban san ta inda zan fita ba.

Ina da shago a Kasuwar Sabon Gari, ina sayar da kayan haɗa kek: fulawa, bota, kala, da ceri ɗin nan ja jawur na cikin kwalba da ake ɗorawa a saman kek don ado. Surukina, Baba Kyari, ɗan kasuwar shadda ne a Fagge, gidansa a Kwaciri. Tun da na auri 'yarsa Yagana bai taɓa zagina ba, bai kuma taɓa yi mini murmushi ba. In na durƙusa na gaishe shi, lafiya ɗaya yake ba ni ya koma kan rediyonsa. A ganinsa, namijin da ke auna bota bai gama zama namiji ba.

Baba yana da ciwon suga, yana kuma da wani ciwo da likita ya ce sunansa gawut, mai kumbura masa babban yatsan ƙafa har ko zanin gado ya taɓa wurin sai ya yi salati. Kwanakin baya ciwon ya tashi. Wani abokin kasuwarsa ya turo masa bidiyon wata Baturiya tana cewa ceri na maganinsa. Aka zagaye kasuwar 'Yan Lemo ba a samu ba. Sai Yagana ta ce ai mijinta yana da shi a shago. Ni kuma da neman suna na aika da kwalba biyu. Na san na kek ne, na ɗauka zai ɗanɗana ya tofar.

Bai tofar ba. Bayan 'yan kwanaki kumburin ya sace. Tun daga nan yake cin guda bakwai bayan sallar asuba kamar dabino, ya kurɓe ruwan zaƙin a kai. Ƙwayoyin likita, na sugan da na ƙafar, ya ce sun yi ritaya. Ya koma wa balangu da farfesun kayan ciki.

Ran Juma'a a ƙofar masallaci ya riƙo hannuna gaban dattawan layinsu, ya ce ga ɗansa da ya warkar da shi. Ɗansa fa, Anti. Na koma gida na kulle banɗaki na yi kukana. Yanzu tsofaffi ke sauka daga adaidaita a bakin shagona suna tambayar maganin Alhaji Kyari. Madam Stephanie, mai yin kek ɗin biki, ta daina amsa gaisuwata saboda ba ta samun na aikinta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, Yagana ta ce kwanan nan Baba ba ya rabuwa da buta, ƙishirwa ba ta sakinsa, ga rama. Kin san al'ada, suruki ba ya haɗa ido da suruki, balle ya ce masa ya yi kuskure. Ko sunansa ba na kamawa, a nan ma don ba ya karanta jarida ne. In na yi shiru ina tsoron ransa. In na yi magana na koma mai auna bota. Na yi tunanin in ce kaya sun yanke, amma tuni ya sa an sayo masa wasu kwalaben, suna jere a ƙarƙashin gadonsa. Yaya zan yi?

Suruki Mai Kwalba, Sabon Gari

Malam Mai Kwalba,

Bari mu fara wanke Baturiya. Ceri na gaskiya, ɗanye daga bishiya, yana da amfani. Yana ɗauke da sinadaran da ke rage kumburi a jiki, kuma wasu bincike sun nuna masu gawut da ke cinsa ciwon yakan rage tasar musu. Amma taimako ne, ba ya maye gurbin magani, kuma bishiyarsa sanyi take so, ba ruwanta da Kano. Naka kuwa an jiƙa shi har launinsa da amfaninsa suka fita, aka ɗura masa suga da kala. Alawa Baba yake sha da asuba. Sacewar kumburin kuma halin ciwon ne, yakan tashi ya kwanta da kansa, ya dawo in ya ga dama. Kwalbarka ta iso ne ciwon na ɗaure kayan tafiya.

Ban ga laifinka ba don ka ji daɗin a kira ka ɗa, ka daɗe kana jira. Ban ga na Baba ba, duk wanda ciwo ya sake shi, abin da ke hannunsa yake gode wa. Kunyar suruki ma abu ne mai kyau, amma don girmama mutum aka yi ta, ba don a zuba masa ido suga ya kwantar da shi ba. Ƙishirwa, yawan fitsari da rama ga wanda ya ajiye maganinsa ba abin jira ba ne. Yau za ka tashi, ba ran Juma'a ba.

Ka manta da ƙaryar yankewar kaya, ba shagonka kaɗai ke Sabon Gari ba. Yagana da mahaifiyarta su kwashe na ƙarƙashin gado. Tsofaffin da ke zuwa ka gaya musu na kek ne, ka bar wa Madam Stephanie kayan aikinta. Kai kuma ka ɗauki kwalba ɗaya ka je da ƙafarka. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ba sai an haɗa ido ake faɗin gaskiya ba. Ka ce kuskuren naka ne, ka roƙe shi ya bari ka raka shi asibiti a auna sugan, likita ya ga kwalbar da idonsa.

Mai yiwuwa ya koma kan rediyonsa, mai yiwuwa ka daɗe ba ka sake jin ya kira ka ɗa ba. Ka jure. Ya kira ka ɗa a kan abin da ba ka yi ba, yanzu ga damar ka cancanci sunan. Kowane suruki zai iya aika kwalba, amma ɗa ne ke zama a bencin asibiti riƙe da takalmin ubansa.

Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ka ƙarfin gwiwar durƙuson nan.

Anti Mahbuba