Asusun Baba Antwi

Kumasi, 3 ga Maris

Ƙanena Ofosu,

Ina gaishe ka da iyali. Na koma ga takarda ne tunda ka daina ɗaukar wayata.

Sati uku ke nan kamfaninka na canjin kuɗin intanet, wato kirifto, ya hana cire ko sisi. Sidi dubu tamanin ɗin da ka sa muka zuba da sunan mijina Antwi, kai ka san kuɗin wankin ƙodarsa ne. Jiya a asibiti na nuna wa ma'aikaciya kuɗin a cikin waya, ta ce min, "Mama, a waya za mu wanke shi?" Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga.

Ni na goya ka, da cinikin dokunu, tuwon masarar nan, na biya maka makaranta. Ka sakar mana ko rabi.

Allah ya tsare ka.
Yayarka, Afrakoma

Akara, 19 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. A gaida Baba Antwi da jiki.

Ki fahimta, ba a rufe komai ba, dakatarwa aka yi. Mu 'yan wannan sana'a gwamnati ta ba mu sarari mu kula da kanmu, muna da ƙungiya da kwamitin ƙorafi. Ki rubuta masa. Ba zan fifita ki a kan sauran ba don muna ciki ɗaya, ƙa'ida ce.

Maganar dokunu kuma ta isa haka, don Allah.

Naki, Ofosu

Kumasi, 28 ga Afrilu

Ofosu,

Ina gaisuwa. Na sayar da firjina na ɗauki lauya. Ya ce kamfanin a wani tsibiri aka yi masa rajista, kotunmu ba ta da iko da shi. Can tsibirin suka ce tunda a Gana kuke ciniki, a nemi ƙungiyarku. Da lauyan ya buɗe takardar ƙungiyar sai ya yi dariya, ya juyo min ita: "Mama, wannan shugaban kwamitin ba sunan gidanku ba ne?"

Ashe wurinka ka aike ni in kai ƙararka.

Antwi ya rasu ran Talata. Har ya daina magana yana ce min, "Bar yaron, zai turo." Ran Asabar ta sama za a binne shi. Ka zo ka ɗauki gawa, ko ba ka kawo komai ba.

Ka huta lafiya.
Afrakoma

Akara, 12 ga Mayu

Zuwa ga Uwargida Afrakoma Antwi,

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, kwamiti ya zauna a kan ƙorafinki, ya kuma amince a saki kuɗin gaba ɗaya.

Bisa ƙa'idar ƙungiya, mai asusun ne kaɗai zai cire, bayan ya nuna fuskarsa a waya ya ƙifta ido sau biyu. An ba shi kwana talatin.

Da girmamawa,
K. Ofosu, Shugaban Kwamiti