Jaki da Albasa a Wuyan Jariri

Kazaure, daren Laraba

Na dawo daga acaɓa, na ɗaga katifa zan ɗauki katunana na koyon Sifaniyanci, babu ko ɗaya. Wahalar damina guda! Da hannuna na yanka kwalayen sukari, gaba in rubuta kalmar da boko, baya kuma fassararta da ajami, don hannuna ya fi gudu a nan.

Na fito tsakar gida ina ta masifa, sai Goggo ta ce, "Kai Habu, rage mana murya. Ashe kana da addu'o'i haka ka ɓoye, ɗan yayarka yana kwana kuka?"

Baƙaƙen Larabci kawai ta gani, shi ke nan. Ta kai wa baduku ya ɗinke guda ukun da ke saman tarin a fata ya yi laya, sauran ta rarraba wa matan unguwa. Yanzu haka jaririn Yaya Hadiza yana rataye da cuchara da burro da cebolla a wuya. Cokali da jaki da albasa!

Na buɗe baki zan zazzage mata gaskiya, ta riga ni: "Tun azahar yake barci, uwarsa ma yau ta samu ta runtsa. Allah ya yi maka albarka, malam."

Malam! Ni da kullum take cewa ko gaisuwa ban iya ba.

Gobe da sassafe zan bi gida-gida in karɓo kayana, ko za a zage ni. Ukun nan kuwa na bar wa yaron, dama na riga na haddace su.