Na Yi Ƙiyasin Gini da Mutanen da Ba Su Dawo Ba

Goggo Hamsatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma da wuri, domin kwana goma sha ɗaya suka rage mini. Ki sakaya sunana. Mubi ba ta da faɗin da mutum zai ɓuya a cikinta.

Ni ƙiyasin gini na karanta. A ba ni zane in faɗi bulo nawa za a buga, siminti buhu nawa, rodi nawa, da abin da duk za su ci. Kafin shekarar gudu, da 'yan bindiga suka kore mu daga gari, ina ɗan samun aikin shaguna da katangu a Sabon Layi. Bayan mun dawo daga Yola, wata ƙungiyar agaji ta ce za ta sake gina ɗakin shan maganin ƙauyenmu da aka ƙona, can wajen Mugulbu, ɗaki uku har da na haihuwa. Suka nemi ɗan gari da ya san aikin. Baba Ezekiya, ƙanen mahaifina, wanda shi ne dattijon unguwarmu, ya kama hannuna ya kai ni gabansu. Ranar har sabuwar riga na saya, kai ka ce aure za a ɗaura mini.

Suka ba ni kwamfuta mai wata manhaja ta bin diddigin aiki. A cikinta ake zuba ƙiyasi layi-layi, kuma da zarar jami'arsu Madam Salome ta amince daga Yola, shi ke nan ta kulle. Duk Juma'a sai na shigar da abin da aka saya, da inda aiki ya kai, da hotuna. In komai na daidai allon ya nuna kore, in an kauce ya nuna ja. Na ji ana cewa aikin da ya yi ja dakatar da shi suke yi.

Ga inda na ɓata. A garinmu ba a sayen yashi, ba a sayen ruwa, ba a biyan lebura in aikin jama'a ne. Coci, masallaci, ajin firamare, duk da gayya aka yi su ina gani da idona. Bayan girbi za a yi shela, mata su gangara mayo, wato rafinmu, da daro su kwaso yashi, samari su buga bulo, tsofaffi su zauna a inuwa suna gyara wa kowa aikin da su kansu ba sa taɓawa. Kunu kawai ake damawa. Don haka a layin yashi da ruwa da lebura sifili na sa. Na ma tambayi Baba Ezekiya, ya ce in sa raina a inuwa, mutum sittin zai fito mini da su. Madam Salome ta yaba, ta ce ƙiyasina ya fi na kowa sauƙi a yankin nan, ni kuwa kaina ya kumbura.

Ranar gayyar farko mutum goma sha huɗu suka fito, tara mata ne, yawancinsu masu jikoki. Na ga wata tsohuwa ta hau gangaren mayo da rabin daron yashi tana haki, na ji kunya ta rufe ni. Samarinmu wasu suna Yola suna jan keke napep, wasu sun zauna a Kamaru, wasu kuma babu wanda ya san inda suke tun ranar da aka watse. 'Ya'yan Baba Ezekiya maza biyu suna cikin waɗannan na ƙarshe. Sai daga baya na gane da su ya ƙirga sittin ɗin. Har yau cewa yake yi in ƙara haƙuri, in suka ji ana gini a gida za su dawo.

Ban iya buɗe baki na musa masa ba, aiki kuma ba ya jira. Na ɗauko tifa ta kawo yashi, na ɗauki leburori daga cikin gari, na riƙa sayen ruwa. Kuɗin rufi na taɓa. Don kada allon ya yi ja, sai na shigar cewa an sayi kwanon rufi da katako, na je shagon wani abokina a kasuwa na ɗauki hoton kayansa na tura. Goggo, ban ci ko kwabo ba, rasit ɗin kowace tifa yana nan a leda. Amma ƙarya dai na yi ta, kuma sati bakwai ina maimaita ta.

Yanzu gini ya kai linta, saura rufi, babu ko falle ɗaya na kwano, ga hadari ya fara leƙowa ta wajen duwatsu. Nan da kwana goma sha ɗaya Madam Salome za ta zo da injiniya su duba. Abokin nan nawa ya ce zai ara mini kwanon na yini ɗaya in jera a wurin, in sun tafi a mayar. In na faɗi gaskiya ina tsoron su janye, matanmu su ci gaba da shan gargadar hanya zuwa Mubi da naƙuda. Sannan dole in faɗi a gaban tsohon nan cewa sittin ɗinsa babu su. Tuwo ba ya wuce mini a maƙogwaro. Matata na zaton ulsa ce, har ta hana ni yaji. Yaya zan yi?

Naki,
Mai ƙiyasi daga Sabon Layi

*

Ɗana,

Fara da abokinka: ka gode masa, ka bar masa kwanonsa a shago. Injiniya ba baƙon gini ba ne. Ko ka tsallake ranar, ruwan farko zai sauka a kan gini marar rufi, kuma a lokacin babu wanda zai saurari zancen rasit. Sunan ɓarawo za ka ɗauka alhali ba ka ci komai ba.

Kuskure biyu ka yi, kada ka cakuɗa su. Na farko na sana'a ne. Na tambayi wani tsohon mai ƙiyasi, ya ce abin da aka yi alkawarin bayarwa kyauta ma yana da farashi. Ana rubuta yawansa da kuɗinsa, sannan a nuna a gefe cewa jama'a ne za su ɗauka, domin in suka gaza kowa ya san girman giɓin tun farko. Ana kuma ware ɗan kaso na ko-ta-kwana. Kai ka auna bulo da rodi da tef, amma mutane ka karɓe su da baki, daga garin da ka sani kafin gudu. Wannan ba laifinka kai kaɗai ba ne. Wanda ya ga sifili uku a ƙiyasin ƙauyen da aka tarwatsa ya kamata ya yi tambaya kafin ya yaba.

Na biyu naka ne kai kaɗai, wato hoton nan. Manhajar ba alƙali ba ce, abin da ka ba ta shi take nunawa. An sa ja ne don a ga matsala tun tana ƙarama. Da ka bari ta yi ja a satin farko, da tifa biyu kawai ake magana a kai. Kuma "na ji ana cewa" ne ya tsorata ka, ba ka tambayi kowa ba.

Kada ka jira su zo. Cikin satin nan ka zauna ka sake ƙiyasi na gaskiya: abin da aka kashe da rasit ɗinsa, abin da ya rage, farashin kwano na yau daga shago uku, da sunayen waɗanda ke fitowa aiki da ƙafarsu. Ka hau mota ka kai wa Madam Salome hannu da hannu, ka fara da zancen hoton kafin komai. Ka tafi da mafita, misali a fara rufe ɗakin haihuwa kafin damina, sauran su biyo baya. Ba zan ruɗe ka ba, za su iya karɓe aikin daga hannunka, kuma suna da haƙƙin yin haka. Amma ginin da ya kai linta da bulo mai kyau, kowace naira da shaidarta, ya fi wuyar yasarwa. In ɗaya zai tsira tsakanin kujerarka da ɗakin, ka san wanda ya kamata.

Saura Baba Ezekiya. Ka same shi kai kaɗai kafin ka tafi Yola, kada ya ji a bakin baƙi. Babu wanda ya ɗora maka ka ce masa 'ya'yansa ba za su dawo ba. Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Ka ce masa takarda tana son sunayen waɗanda ke gari a yau ne kawai. Ka bar masa jiransa, amma kada ka sake ɗora rufin gini a kai.

Ka gaya wa matarka yau, ta daina yi maka maganin ciwon da ba ka da shi. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa a rufe ɗakin nan kafin ruwa ya sauka, ya kuma sa tsohon nan ya ji labarin yaransa.

Goggo Hamsatu